Gwangwanin Ƙofar Ma Onih

Duk wanda ya tashi a lungun bayan kasuwa a birnin Tasikmalaya ya san takun Ma Onih kafin ya san fuskarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗan jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ta yi a gonar shinkafa tana yarinya. Kowace Juma'a da hantsi sai a ji silifas ɗinta suna shara daga ƙofa zuwa ƙofa, buhu a saɓe. Ba ta sallama, ba ta ƙwanƙwasawa. A jikin kowace ƙofa akwai gwangwanin madara da aka kafe da ƙusa. Ta ciro shi, ta juye 'yar shinkafar da ke ciki a buhu, ta mayar, ta yi gaba. Haka ta yi ta yi har gashin kanta ya yi fari.

Ba ita ta ƙirƙiro abin ba, kuma takan ji haushi in aka ce ita ce. A ƙauyensu da ke tsaunukan Garut ta taso ta tarar ana yi, suna ce masa perelek. Kafin mace ta wanke shinkafar girki sai ta damƙi hannu guda ta zuba a gaɓar gora da ke rataye a ƙofa. Ƙarshen mako a bi gida gida a tara, don wanda ya yi rashi ko wanda gona ta juya wa baya. Mahaifiyarta ce mai tarawa, Onih kuwa ke riƙe mata bakin buhu. Wata rana suka tarar da gorar wani gida wayam. Onih ta buɗe baki za ta kira matar gidan, uwar ta mintsine ta a kunne.

"Rufe min baki. In kin ga gora babu komai, ba mantuwa ba ce, magana ce. Kada ki tambaya, kada ki ɗaga ido ki dubi taga. Ki cika ta daga buhu, ki wuce abinki. Kuma kada in ji a bakinki, ko a wurin ubanki."

Da haka gidan da ya rasa yake roƙo a ƙauyensu, ba tare da ya buɗe baki ba. Onih ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe karatun makaranta, wanda dama bai yi nisa ba.

Aure ne ya kawo ta birni. Mijinta Engkus, da take kira Kang, keken ɗaukar fasinja mai ƙafa uku yake tuƙawa, yana kai matan kasuwa da kayansu. Mutum ne mai gaskiya, sai dai girman kansa ya fi kekensa nauyi. In fasinja ya ce ya riƙe canji, sai ya bi shi har ƙofar gida ya mayar masa. In an yi walima a maƙwabta ya ci kaɗan ya tsame hannu, don kada a ce yunwa ce ta kawo shi. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya shi ne tun da ya mallaki hankalinsa bai taɓa cin abin da guminsa bai saya ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Tuti. A birnin babu mai rataye gora a ƙofa, kowa tukunyarsa ya sani, Onih ma ta saba da hakan.

Sai shekarar da kuɗin ƙasar, rupiya, ta faɗi ƙasa warwas. Shinkafar da ka saya da safe, kafin la'asar ta canza kuɗi. Masana'antu suka sallami mutane, lungun ya cika da maza masu zaman banza. Maƙwabciyarsu Ceu Mimin, mai soya ayaba a bakin titi, mace ce mai baki kamar rediyo, amma a watannin nan ta yi shiru. Bango ɗaya ne tsakaninsu, na katako. Onih tana jin kukan 'ya'yan Mimin, tana jin ƙanshin ganyen rogo ana dafawa safe da yamma, ba komai a kai. Ta san in ta ɗauki kwano ta kai mata, zumuncinsu ya ƙare ke nan, don Mimin ba za ta sake iya haɗa ido da ita ba.

Ta bi shagunan shayi ta tsinto gwangwanayen madara, ta wanke su, ta ajiye wa Engkus tare da guduma.

"Na mene ne wannan kuma?" ya tambaya.

"Kafewa za ka yi, kowace ƙofa ɗaya."

"Ke dai ba kya rabo da jaye-jaye. Mutanen da ba su da na tukunya, su za su zuba wa gwangwani?"

"Damƙa ɗaya ba ta hana kowa ƙoshi. Kai dai buga ƙusa, Kang, surutun ka bar min."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya kafe su tsaf, har da auna tsayi don hannunta ya kai. Ita kuma ta bi matan ɗaya bayan ɗaya a bakin rijiya ta yi musu bayani. Da ta zo kan maganar gwangwanin da aka bari wayam, a kunne ta raɗa wa kowacce, ta yadda kowacce za ta ɗauka ita kaɗai aka gaya wa. Juma'a ta biyu ta tarar da na Mimin babu ko ƙwaya. Ta cika shi, ta ƙara da ƙulli a ƙasan ƙofa, ba ta dubi taga ba. Shekaru sun shuɗe a kan wannan, suna faɗa suna shiryawa kamar kowaɗanne maƙwabta, amma ko sau ɗaya zancen bai taɓa haɗa su ba.

Tsadar ta wuce, gwangwanaye ba su sauka ba. Masu kayan miya a kasuwa suka fara aiko mata da kabeji da wake ɗanye da suka kwana, maimakon su zubar. Mai yin awara ya riƙa ba da gefe-gefen da ya karye. Gidan burodi ya biyo baya. Ɗakinta ya kasa ɗauka, aka ba ta ɗan ɗakin ajiya na jikin masallacin lungu. Daga baya wasu ɗaliban jami'a suka ji labari suka zo da kyamarorinsu da ƙwazonsu. Su ne suka rubuta allo suka kafa, wai Bankin Abinci. Suka ce mata a manyan ƙasashe ma haka ake yi, rarar shaguna ake tarawa a manyan ɗakunan ajiya a raba wa marasa hali.

Ma Onih ta yi dariya har da tari. "Banki? Ni da ko ƙofar banki ban taɓa leƙawa ba? To, ku kira shi abin da kuka ga dama, ku dai ɗauke min buhun nan daga hanya."

Yaran sun yi ƙoƙari, ba za a hana su yabo ba. Suka samo firji, suka samo motar kwaso kaya, unguwannin tsallaken kogi suka zo suka gani suka je suka buɗe nasu. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Sun kawo tsarin tebur: ranar Asabar da safe mai buƙata ya zo ya shiga layi a ƙofar masallaci, ya faɗi gidansu da yawan bakin da ke ciki, a auna masa.

"Yunwar da mutum yake ji ba ta ishe shi ba," in ji ta, "sai an shanya shi a rana kowa ya gan shi?"

Suka ce bakuna sun yi yawa, Ma, mutum ɗaya ba zai iya bin kowace ƙofa ba. Gaskiya suka faɗa, ta kuma san gaskiya ce. Ta haƙura, ta zauna a bayan teburin tana auna shinkafa, kanta a sunkuye don kada ta ga fuskokin. A hankali mutane suka saba da layin. Gwangwanin da ake bari wayam ya yi ta raguwa, har aka daina.

Tsufa ya zo musu a tare. Engkus, da yanzu kowa ke ce wa Abah, ya faɗi wata safiya yana goge kekensa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Gwiwar Onih ita ma ta ƙi. Dole ta miƙa buhun Juma'a ga Neng Yeyen, wata budurwa mai fara'a daga cikin masu taimakon bankin, wadda ta tare a lungun ba da daɗewa ba. Ta nuna mata komai: ƙofar da ƙusarta ke girgiɗi, gidan da ke zuba shinkafa mai tsakuwa, yadda ake ɗaure bakin buhu. Maganar gwangwani wayam ce kaɗai ba ta faɗa ba. Ba wai ta ɓoye ba ne. An daɗe ba a yi ba, kuma bakinta ya saba da rufuwa a kan wannan tun mintsinin uwarta, har bai ma zo mata a rai cewa abin koyarwa ne ba.

Tuti ce ke riƙe da su, tana ɗinki a wata masana'antar tufafi a can garin Bekasi, tana aiko da abin da ya sawwaƙa duk wata. Sai korona ta zo. Aka rufe masana'antar, Tuti ta maƙale a can da 'ya'yanta, ita ma ta kanta take yi. In ta bugo waya tana kuka, Ma Onih sai ta ce, "Mu nan lafiya lau, abinci har ya yi mana yawa. Ki kula da jikokina." Ta sayar da 'yan kunnenta. Ta sayar da keken Abah, ta ce masa aro aka zo yi. Duk ya tafi a magani.

Maganin nan kuwa ba a shan sa da ciki wayam. In Abah ya sha bai ci ba, sai ya yi ta amai, jikinsa ya saki. Saboda haka duk abin da ta dafa nasa ne. Ita takan kankare ƙanzon tukunya ta zuba ruwan zafi ta sha, in ya tambaya ta ce ta riga shi ci a kicin. Bankin da ta fara yana nan a bakin lungu, in ta leƙa taga tana hango allonsa. Amma yaya za a yi Ma Onih ta shiga layi? Yaya kuma za ta dubi Abah ta ce masa abin da ke bakinsa sadaka ce? Tana tsoron ya ƙi ci, ta san halin kayanta. Abin ya dame ta ƙwarai, ta rame, idanunta suka faɗa, takunkumin fuska ne ya rufa mata asiri.

Wata ranar Alhamis ta sa hannu a tulun shinkafa, farcenta ya taɓa ƙasa. Abin da ya rage damƙa biyu ne, ko uku in an yi rowa. Ta daɗe a tsugune a gaban tulun. Sai ta ji wani ɗan sanyi a ranta, don ta tuna akwai hanyar da aka yi saboda masu irin kunyarta. Washegari, karo na farko tun da aka kafe shi, ta bar gwangwaninta babu komai. Ta saki labule, ta zauna a bayansa.

Yeyen ta iso tana 'yar waƙarta a ƙarƙashin takunkumi. Ta ciro gwangwanin, ta juye, ba abin da ya faɗo. Ta leƙa ciki, ta girgiza shi, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ma! Ma Onih! Yau na kama ki! Ke da kanki kika manta da gwangwani?"

Muryar yarinyar ta cika lungun. Wani mai gyaran babur a ƙofar gidansa ya ɗago kai yana murmushi. Wata ta leƙo daga taga ta ce, "Tsufa ya kama shugaba!" Matan da aka raɗa wa maganar a bakin rijiya, wasu sun rasu, wasu sun tashi, sauran suna ƙunshe a ɗaka don tsoron ciwo. Mimin ma ta tafi kasuwa. Babu wanda ya san abin da gwangwanin yake cewa.

"Ma, kina ciki? In jira?"

Daga kan gado Abah ya yi gurnani da nauyin harshensa. "Onih. Ki ba yarinya. Kada a ce... gidana."

Ta tashi. Ta je tulun, ta damƙo, ta fito tana murmushin da bai wuce takunkumi ba, ta zuba a buhun Yeyen.

"Kin ganni ko, Neng. Kan ne ya fara ruɓewa."

"Allah ya ƙara arziki, Ma. Ai in babu ku babu mu."

Ba ta ji haushin yarinyar ba, kanta ta ji wa. Ranar ta dama wa Abah kunu da abin da ya saura, tsararo, ya sha magani a kai. Da yamma babu. Ta ba shi ruwan ɗumi da sukari, ya sha maganin, ya amayar, ya kwanta yana numfashi sama-sama. Ta zauna tana goge masa baki, tana kallon yadda ƙashin wuyansa ya fito. A nan ta yanke shawara, ba ta gaya masa ba.

Asabar da safe ta naɗe jakar leda ta cusa a ƙugu, ta ɗauki sanda. Layin ya kai har bakin titi, kowa a kan alamar alli da aka zana a ƙasa, da tazara tsakani. Akwai direbobi, akwai malaman makaranta, mutanen da ba ta taɓa zaton za ta gani a nan ba. Ta nufi ƙarshen layi a hankali. Ba ta kai ba aka hango ta.

"Ga Ma Onih! Ku ba ta hanya!"

"Ma, da wannan gwiwar kika fito taya mu? Allah ya saka!"

Kafin ta ce wani abu an riƙo hannunta, an zagaya da ita bayan tebur, an jawo kujera, Yeyen ta damƙa mata kwanon awo. Ta fara aunawa.

Ta auna wa direba, ta auna wa malami. Ƙanshin shinkafar yana shiga hancinta, kanta yana juyawa. Mimin ta zo kan layi da ledarta, baki ya riga ta isowa.

"Ke Onih, cika min da kyau, ba irin awon 'yan yaran nan ba, masu aske kwano kamar wanzamai. Kai, amma kin ƙanjame! Ko Abah ne yake cinye miki rabo?"

"Karɓi ki ba mutane wuri, Ceu. Bakinki ko takunkumi bai iya masa ba."

Mimin ta karɓa tana dariya, ta koma gefe tana jiran rabon awara. Rana ta ɗaga, layi ya ƙare, buhun ƙarshe ya kusa kwantawa. Yeyen ta ɗaga murya ta ce, "Akwai wanda bai samu ba? Za mu ɗaure."

Ma Onih tana iya ɗibar nata daga inda take zaune, ƙarƙashin tebur, ba wanda zai lura. Ta dubi buhun, ta ga ba za ta iya ba. Wannan ba karɓa ba ce, sata ce. Ta ajiye kwanon, ta dafa sanda ta miƙe. Ta zagaya teburin tana jan ƙafa, ta tsaya a kan alamar allin da kowa ya tsaya. Ta zaro ledar daga ƙugu, ta warware ta.

"Neng, gidan Abah Engkus. Mutum biyu."

Yeyen ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta dubi idon tsohuwar sai dariyar ta tsaya. Yarinyar ta tuna jiya.

"Ma... jiya da na... Wayyo Allah. Ma, ki koma gida, ni zan kawo miki, ba wanda zai..."

"A nan kowa ya karɓa, a nan zan karɓa. Auna, Neng, mai gidan yana jira."

"Wane jiya?" in ji Mimin daga gefe.

"Gwangwaninta ne na tarar babu komai," Yeyen ta ce tana kuka. "Na zaci mantawa ta yi. Har na sa ta fito ta zuba."

Ledar Mimin ta suɓuce ta faɗi. Matar da ba a taɓa raba ta da magana ba ta dafe bango, ta ja gyalenta ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Ma Onih ba ta dube ta ba. Ta riƙe bakin ledar da hannu biyu har aka gama zubawa, ta ce ta gode, ta juya. Mutane suka dare mata, ba wanda ya yi gigin cewa zai ɗaukar mata.

Ta dafa shinkafar ta yi laushi, ta marmasa awara a kai, ta tayar da Abah ta jingina shi da filo. Ya dubi kwanon, ya dube ta.

"Daga ina?"

Ƙaryar tana bakinta a shirye, Tuti ce ta aiko. Amma ta gaji.

"Daga masallaci. Layi na shiga."

Ya kawar da kai ya fuskanci bango. Ta zauna riƙe da cokali, tururi yana tashi, tana jin numfashinsa. Ta san in ya kafe ba mai lanƙwasa shi, ta kuma san jikin nan ba zai ɗauki wani yinin ba.

"An gan ki?" ya tambayi bangon.

"Duk lungun."

"Me suka ce?"

"Ba su ce komai ba."

Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskarsa mai motsi, ya shige cikin furfurar gemunsa. Sannan ya juyo a hankali, ya dubi wuyan hannunta da ya zama ƙashi, kamar yau ya fara ganin sa.

"Ke fara ci," in ji shi. "In kin ci, zan ci."